Taƙaitaccen Tarihin Hermann von Helmholtz, Likitan da Ya Buɗe Ƙofar Ido

Gabatarwa

A wannan fitowa ta mujallar makarantarmu mun ga ya dace mu kawo wa masu karatu tarihin wani Bajamushe, likita kuma malamin kimiyya, mai suna Hermann von Helmholtz. Wataƙila da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin sunansa ba. Amma duk wanda ya taɓa raka tsohonsa ko kakarsa asibitin ido, ya ga likita ya kashe fitilar ɗaki, ya ɗauko wata 'yar na'ura mai kama da tocila, ya matso har goshinsa ya kusa taɓa na majinyaci, to, ya ga aikin Helmholtz da idonsa. Abin da likitan ke leƙe a can ƙuryar ido shi ne ƙananan jijiyoyin jini da kuma kan jijiyar gani. Wannan shi ne wuri ɗaya tak a jikin ɗan Adam da ake iya ganin jijiyoyin jini 'yan'uwan na ƙwaƙwalwa ƙuru-ƙuru, ba tare da an tsaga fata ko an fasa ƙashi ba. Saboda haka tarihin wannan bawan Allah ya shafe mu, ya kuma shafi iyayenmu da ke Gusau da Tsafe da Bunguɗu, waɗanda hawan jini ke kwantar da su ba sallama.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Helmholtz ranar 31 ga Agusta, 1821, a garin Potsdam kusa da Barlin, cikin ƙasar Prussia ta wancan lokaci, garin da yanzu yake cikin Jamus. A ƙasarmu wannan ya yi daidai da zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, shekara huɗu bayan rasuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Mahaifinsa, Ferdinand Helmholtz, malamin sakandare ne mai koyar da harsuna da falsafa, sunan mahaifiyarsa kuwa Caroline. Shi ne ɗan fari a gidan, kuma gida ne na ilmi amma ba na dukiya ba, kamar dai gidajen malaman makaranta a ko'ina.

Yaron ya tashi da laulayi, yawancin shekarunsa na farko a ɗaka ya yi su. Abin wasansa shi ne 'yan gutattsarin katako da yake jerawa yana gini da su, kuma ta nan ya fara fahimtar lissafin siffofi tun kafin a koya masa a aji. Da ya shiga makaranta sai aka ga hadda tana ba shi wuya ƙwarai, musamman kalmomin Latin da shekarun tarihi, wato abubuwan da ba a iya haɗa su da wani dalili. Amma duk abin da ke tafiya bisa ƙa'ida, da ya gane ƙa'idar ya riƙe ke nan. Shi da kansa ya ba da labari bayan ya tsufa cewa a wasu lokuta, ana tsakiyar darasin Latin, shi yana can yana zana hanyar da haske ke bi cikin madubin hangen nesa a ƙarƙashin tebur. Ba mu kawo wannan don a yi koyi da shi a aji ba, mun kawo shi ne don wannan lissafin na ƙarƙashin tebur shi ya yi masa rana daga baya.

Karatunsa

Burin Helmholtz shi ne ya karanta Fizis a jami'a, amma albashin mahaifinsa bai iya ɗaukar nauyin haka ba. Hanyar da ta rage ita ce makarantar likitocin soja da ke Barlin, inda gwamnati ke biya wa ɗalibi kuɗin karatu bisa sharaɗin zai yi wa soja aikin likita na shekara 8 bayan ya gama. Ya karɓi wannan sharaɗi, ya shiga makarantar a 1838 yana da shekara 17. A can ya haɗu da babban malamin ilmin aikin jiki, Johannes Müller, ya kuma yi abota da wasu ɗalibansa masu hazaƙa, Emil du Bois-Reymond da Ernst Brücke. Bayan darussan likita yakan zauna shi kaɗai yana karanta littattafan lissafi masu zurfi, ba tare da malami ba.

A 1841 zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da shi a asibiti. Da yake ɗaliban soja kyauta ake jinyarsu, ɗan kuɗin guzurinsa ya taru, da ya warke sai ya sayi madubin ƙara girman abu da su. Da wannan madubi ya yi binciken da ya ba shi digirin likita a 1842, inda ya nuna cewa zaren jijiyoyin saƙo daga jikin ƙwayoyin jijiya suke fitowa. Ke nan tun aikinsa na fari yana kan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa.

Aikin Soja da Aikin Malanta

A 1843 aka tura shi Potsdam ya zama likitan rundunar sojan doki. A cikin barikin ya keɓe ɗan ɗaki ya mai da shi wurin gwaje-gwaje, yana binciken yadda tsoka ke fitar da zafi in tana aiki. Ranar 23 ga Yuli, 1847, ya gabatar wa taron masana Fizis na Barlin wata maƙala wadda ta nuna da lissafi cewa ƙarfi ba ya ɓacewa, ba a kuma ƙago shi daga babu, sai dai ya sauya kama, daga motsi zuwa zafi, ko daga lantarki zuwa haske. Wannan ita ce ƙa'idar da 'yan ajin kimiyya ke haddacewa don jarrabawa. Editan babbar mujallar Fizis ta lokacin ya ƙi buga ta, dole Helmholtz ya fitar da ita a matsayin ɗan littafi. Yana da shekara 26 bai cika ba.

Sunan da ya yi ya sa babban masani Alexander von Humboldt ya sa baki aka sallame shi daga soja a 1848, tun kafin wa'adinsa ya cika. A 1849 ya sami kujerar koyar da ilmin aikin jiki a Jami'ar Königsberg, garin da yanzu yake cikin Rasha da sunan Kaliningrad. A watan Agusta na shekarar ya auri Olga von Velten. A 1850 ya yi abin da malaminsa Müller ya ɗauka ba zai taɓa yiwuwa ba, wato ya auna gudun saƙo a cikin jijiya. Da ƙafar kwaɗo ya yi gwajin, ya gano saƙon yana tafiyar kimanin mita 30 a sakan ɗaya. Wannan bai wuce gudun motar haya mai sauri a kan hanyar Gusau zuwa Tsafe ba, alhali kafin nan ana tsammanin gudunsa kamar na walƙiya ne.

Yadda Ya Ƙirƙiro Madubin Duba Ido

Kafin zamanin Helmholtz likitoci ba su san abin da ke faruwa a cikin idon mai rai ba. In mutum ya makance alhali idonsa garau yake daga waje, ba abin da likita zai iya faɗi. Har akan yi ba'a da cewa irin wannan cuta ce wadda majinyaci ba ya ganin kome, likita ma ba ya ganin kome. Dalili kuwa shi ne ɗan ramin nan da ke tsakiyar ido, wanda haske ke shiga ta cikinsa, kullum baƙi ƙirin yake ga mai dubawa.

Wasu sun riga sun lura cewa ba dole ne ya zama baƙi ba. Kowa ya san yadda idon kyanwa ko na akuya ke ƙyalli in an haska shi da dare. A 1846 William Cumming a Landan, sannan a 1847 Brücke abokin Helmholtz, sun nuna cewa idon mutum ma yana yin ja in mai dubawa ya tsaya dab da hanyar hasken. Amma jan kawai suka gani, ba su ga abin da ke ciki ba. Wani Baturen Ingila, Charles Babbage, shi ma ya haɗa wata 'yar na'ura a 1847, likitan da ya nuna wa bai ga kome da ita ba, sai aka ajiye maganar.

A ƙarshen 1850 Helmholtz yana shirya darasin da zai koya wa ɗalibansa a kan binciken Brücke, sai ya tambayi kansa inda hasken da ya shiga ido yake komawa. Lissafi ya nuna masa cewa hasken yana fitowa ne ta hanyar da ya shiga, ya koma wurin fitilar da ya fito. Don haka mai son ganin cikin ido sai ya sa nasa idon a daidai inda fitilar take, in kuwa ya yi haka kansa zai tare hasken. Maganin da ya samo mai sauƙi ne. Ya jera gilasai uku marasa kauri, ya karkata su a gaban idon majinyaci, ya ajiye fitila a gefe. Gilasan suna karkatar da hasken fitilar su tura shi cikin ido, shi kuma mai dubawa yana leƙe ta bayansu, da wani gilashin tabarau mai daidaita gani. Da kwali da gam da gilasan madubinsa ya haɗa na farko. Da fari abin ya ƙi, amma da yake ya tabbata lissafinsa daidai ne bai bari ba, bayan kamar kwana takwas sai ga tantanin ƙuryar idon mutum mai rai, ga jijiyoyin jini sun yi rassa kamar bishiya, ga kan jijiyar gani kamar farin faifai.

An sanar da masanan Barlin a watan Disamba na 1850, ya kuma buga bayanin na'urar a 1851, shekarar da ɗan ƙasarsu matafiyi Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya shiga birnin Kano. Sunan da ya ba ta da Jamusanci yana nufin madubin ido. A wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa ya nuna mamakin yadda aka daɗe ba a gano abin ba, tun da ilmin hasken da ya yi amfani da shi bai wuce wanda ya koya a sakandare ba.

Ba kowa ne ya yi maraba da ita nan da nan ba. Wani babban likita ya ce hatsari ne a haska ido mai ciwo, wani kuma ya ce sai dai ta amfani likitoci masu raunin gani. Amma gani ya kori ji. A 1852 wani maƙerin kayan kimiyya na Königsberg mai suna Rekoss ya ƙara mata faifai mai juyawa ɗauke da gilasai iri-iri, kuma har yau da irin wannan faifai ake ƙera ta.

Abin da Aka Gani da Madubin

Wanda ya fi kowa cin moriyar madubin tun farko shi ne wani matashin likitan ido na Barlin, Albrecht von Graefe. Da shi ya fahimci yadda cutar gilakoma, wadda mutanenmu ke kira hawan jinin ido, take rarake kan jijiyar gani. A 1859 ya ga jijiyar jinin ido da gudan jini ya toshe a idon wani mai ciwon zuciya. A 1860 kuma ya bayyana cewa in ƙari ya fito a ƙwaƙwalwa, kan jijiyar gani yakan kumbura a ido biyu. Daga nan likitoci suka gane cewa madubin ba na ido kaɗai ba ne, ana iya jin labarin ƙwaƙwalwa ta cikinsa. Shi ya sa har gobe, in an kai mai tsananin ciwon kai ko wanda ake zaton sanƙarau asibiti, irin annobar da ta auka wa Zamfara a 2017, likita kan so ya duba ƙuryar idonsa kafin ya ɗebi ruwan ƙashin baya.

Wasu likitoci suka ci gaba daga nan. A 1859 Richard Liebreich ya bayyana yadda ƙuryar idon masu ciwon ƙoda ke lalacewa. A Ingila likitan jijiyoyi Hughlings Jackson ya dage wa abokan aikinsa su riƙa duba idon duk mai ciwon ƙwaƙwalwa, Clifford Allbutt kuma ya rubuta littafi sukutum a kan haka a 1871. A 1898 wani likitan ido ɗan Sikotlan da ke aiki a Landan, Marcus Gunn, ya bayyana alamomin da har yanzu ɗaliban likita ke koya: jijiyar jini ta ƙanƙance, ta yi ƙyalli kamar waya, ta kuma danne 'yar'uwarta a inda suka gitta juna. Ya lura cewa masu irin waɗannan alamomi sukan gamu da fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa. A 1939 likitoci uku na asibitin Mayo a Amurka, Keith da Wagener da Barker, suka kasa masu hawan jini gida huɗu bisa abin da aka gani a idonsu. 'Yan gida na huɗu, masu kumburin jijiyar gani, mafi yawansu sun mutu cikin shekara ɗaya, domin a lokacin ba a sami magungunan hawan jini masu inganci ba tukuna.

Me Ya Haɗa Ido da Ƙwaƙwalwa?

Ya kamata mu ɗan tsaya mu ga dalilin wannan dangantaka. Tun jariri yana da kamar mako huɗu a cikin mahaifiyarsa, wasu 'yan ƙullutu biyu ke tsirowa daga ƙwaƙwalwarsa, su ne ke zama tantanin ƙuryar ido da jijiyar gani. Ke nan wannan tantani reshen ƙwaƙwalwa ne da ya leƙo waje, kuma zare fiye da miliyan ɗaya ne a kowace jijiyar gani suke haɗa su. Bugu da ƙari, babbar jijiyar wuya da ke kai jini ƙwaƙwalwa ita ce ke ba ido nasa rabo. Ƙananan jijiyoyin jinin ido, waɗanda kaurinsu bai wuce silin gashi ba, ƙirarsu ɗaya da ƙananan na ƙwaƙwalwa.

Ita ƙwaƙwalwa nauyinta kamar kashi 2 cikin 100 ne na jiki, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar da jini ke ɗauke da ita. In hawan jini ko ciwon sukari ko shan taba suka daɗe suna dukan ƙananan jijiyoyinta, bangonsu yakan yi kauri, hanyar ta ƙuntata, wasu su toshe, wasu su yi yoyo. In babba ce ta toshe ko ta fashe, shi ne mutum ke faɗuwa da shanyewar ɓarin jiki. In ƙanana ne suke lalacewa ɗaya bayan ɗaya, ba a ganin kome sai bayan shekaru, tsoho ya fara mantuwa, tafiyarsa ta sauya, tunaninsa ya yi nauyi, a ce gigin tsufa ne. Abin da ya ci jijiyoyin ƙwaƙwalwa kuwa yana cin na ido a lokaci guda, bambancin kawai shi ne na ido ana ganinsu.

Binciken zamani ya ƙarfafa wannan. A 2001 aka buga sakamakon wani bincike a Amurka inda aka ɗauki hoton ƙuryar idon mutane fiye da 10,000 aka bi diddiginsu. Waɗanda aka ga ɗigon jini ko yoyo a idonsu, hatsarin shanyewar jiki a gare su ya wuce ninki biyu na sauran. A 2002 masu wannan bincike suka nuna cewa irin waɗannan mutane sun fi samun maki kaɗan a gwajin tunani da riƙe abu. A 2018 masu bincike na kamfanin Google suka koya wa kwamfuta ta ƙiyasta shekarun mutum da awon jininsa, har da ko yana shan taba, daga hoton ƙuryar idonsa kawai. A Afirka ma, likitoci a Blantyre ta ƙasar Malawi sun gano cewa zazzaɓin cizon sauro in ya taɓa ƙwaƙwalwar yaro yakan bar alama ta musamman a jijiyoyin jinin idonsa. A 2004 suka nuna cewa kusan ɗaya cikin huɗu na yaran da suka mutu ana zaton wannan zazzaɓi ne, wata cuta dabam ce ta kashe su, kuma duba ido shi ne ya fi rarrabe su. Sai dai a lura, duba ido kaɗai ba ya yanke hukunci cewa wane zai yi ciwon mantuwa. Gargaɗi yake yi cewa jijiyoyin jini suna shan wuya, a tashi a nemi magani.

Sauran Ayyukansa da Iyalinsa

Helmholtz bai tsaya a kan madubin ba, ko da yake ya yarda cewa shi ne ya buɗe masa ƙofofin hukuma. Ya koma Jami'ar Bonn a 1855, sannan Heidelberg a 1858. Ya bayyana yadda gilashin cikin ido ke sauya siffa don ganin kusa da nesa, ya kuma ƙarfafa ra'ayin Thomas Young cewa ido yana gane launuka ne ta hanyar masu karɓar haske iri uku. Tsakanin 1856 da 1867 ya fitar da babban littafinsa a kan gani, a 1863 kuma wani a kan ji da sautin kiɗa. A 1871, yana dab da cika shekara 50, ya sami abin da ya so tun yana yaro, wato kujerar Farfesan Fizis a Jami'ar Barlin. Cikin ɗalibansa akwai Heinrich Hertz, wanda ya gano igiyoyin da rediyo ke aiki da su. Sarkin Jamus ya ba shi sarauta, shi ne aka ƙara wa sunansa kalmar von. A 1886 ƙungiyar likitocin ido ta Jamus ta ba shi lambar girma ta Graefe, shi ne na farko da ya karɓe ta. A 1888 ya zama shugaban farko na cibiyar awo da binciken Fizis ta ƙasar.

Duk da wannan ɗaukaka, gidansa ya sha jarraba. A 1859 mahaifinsa ya rasu, kafin shekarar ta fita matarsa Olga ma ta rasu da tarin fuka, ta bar masa yara biyu ƙanana. A 1861 ya auri Anna von Mohl, suka haifi uku. Ya binne 'yarsa ta fari a 1877, ya kuma binne ɗansa Robert, wanda ya gaje shi a kimiyya, a 1889. Ɗansa Richard ya zama shahararren injiniyan kawunan jirgin ƙasa. Shi kansa Helmholtz ya yi fama da ciwon ɓarin kai tsawon rayuwarsa.

Rasuwarsa

A 1893 ya wakilci ƙasarsa a taron masana lantarki a birnin Shikago na Amurka. A kan hanyar dawowa ya faɗo daga matakalar jirgin ruwa, ya ji mummunan rauni a ka, ya zubar da jini mai yawa. Ya murmure ya koma aiki, amma ranar 1 ga Janairu, 1894, ɗalibinsa Hertz ya rasu yana da shekara 36, abin da ya girgiza shi ƙwarai. Ranar 12 ga Yuli na shekarar jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwarsa, ɓarin jikinsa ya shanye. Ya yi kusan wata biyu a kwance, wani lokaci cikin hayyacinsa wani lokaci a ruɗe, har Allah ya karɓi ransa ranar 8 ga Satumba, 1894, kwana takwas bayan ya cika shekara 73. Cutar da madubinsa ke gargaɗi a kanta ita ce ajalinsa. Sai bayan shekara biyu da rasuwarsa, a 1896, wani likitan Italiya mai suna Riva-Rocci ya ƙirƙiro abin awon jini da ake ɗaurawa a dantse. Yau mutum-mutuminsa yana tsaye a ƙofar Jami'ar Humboldt a Barlin, kuma babbar ƙungiyar cibiyoyin bincike ta Jamus sunansa take amsawa.

Darasi Gare Mu

Madubin Helmholtz ya daɗe da isowa ƙasarmu. Tun 1943 mishan ta SIM ta buɗe asibitin ido a Kano, wanda yanzu ake kira Asibitin Ido na ECWA, kuma ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. A nan gida akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, awon jini kuwa ana yin sa a asibitocin Tsafe da Bunguɗu da ƙananan ɗakunan shan magani. Abin da ya rage shi ne zuwa da wuri. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, aka buga a 2018, ya nuna hawan jini shi ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke jawo shanyewar jiki a wurinmu. A 2024 kuma kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 waɗanda in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwa. Hawan jini da ciwon sukari da shan taba suna ciki, haka ma raunin gani da aka bari ba magani, da kuma ƙarancin karatu a ƙuruciya.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwa ɗalibai, in mun koma gida hutu akwai aikin da za mu iya yi wanda ba ya bukatar digiri. Mu tambayi iyayenmu da kakanninmu yaushe rabonsu da awon jini. Mu sanar da su cikin ladabi cewa hawan jini yakan daɗe a jiki ba ciwon kai ba jiri, kuma wanda aka ɗora a kan magani ba ya dainawa don ya ji sauƙi, sai da izinin likita. Mai ciwon sukari ya kai idonsa a duba ƙuryarsa aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da yana gani garau. A rage gishiri da dunƙule a miya, a bar taba. Wanda ido ɗaya ya rufe masa farat ɗaya kamar an saki labule, ko da ya buɗe bayan 'yan mintoci, a garzaya da shi asibiti ranar, domin sau da yawa wannan sallamar shanyewar jiki ce. Tsohon da yana ta rufe wa ido kuma a kai shi a cire masa, kada a ce ai tsufa ne. Haka nan tsohuwar da ta fara mantuwa da sambatu, kada a yi mata dariya ko a jefe ta da maita, cuta ce a jijiyoyinta, haƙuri da kulawa take bukata.

Darasi na biyu ya shafi karatunmu. Ga ɗan malamin makaranta wanda bai sami fannin da yake so ba saboda rashin kuɗi, ya karɓi wanda ya samu ya riƙe shi da gaskiya, kuma da ilmin sakandare da kwali da gam ya yi abin da miliyoyin mutane ke amfana da shi shekara fiye da 170. Kada waninmu ya raina darasin haske da madubi da ake koya mana a aji, ko ya ce kayan gwajinmu ba su da yawa. Muna roƙon Ubangiji Allah ya ba iyayenmu lafiya da tsawon rai cikin hankalinsu, ya kuma fitar da likitocin ido da na ƙwaƙwalwa daga cikinmu waɗanda za su yi wa Zamfara hidima. Amin.